Rabin Hoto a Batsari, Rabi a Safana

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa ba. Wanda ya kawo gyara sai ya tambaya, wanda ya zo wucewa sai ya leƙo ya tambaya, har mai shayin bakin layinmu cewa ya yi, "Injiniya, wai da gaske Batsari ka je? Ka gan su?" To ban gan su ba, alhamdu lillahi, kuma ba ganinsu na je yi ba. Bari in faɗa sau ɗaya, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, don bakina ya gaji.

Kawu Sale ƙanin Ummata ne, mai hoto ne a Batsari tun ana wanke hoto a ɗaki mai duhu. Biki, suna, saukar karatu, Kirsimetin wasu ƙauyukan bayan gari, Fulani in sun ci ado ranar kasuwa, duk shi ne. Da zamani ya juya sai ya sayi kwamfuta a Katsina ya zuba komai a ciki, har tsofaffin hotunan ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya shigar. A lokacin nan an kashe layin waya a yankinsu saboda ɓarayin daji, don haka sai da ya shigo mota har Katsina kafin ya same ni a waya.

Ya ce, "Nasiru, na'urar nan ta ƙi tashi."

Na ce, "Kawu, me aka yi mata?"

"Ba a yi mata komi ba. Ajiya kawai na yi."

"Wace irin ajiya kuma? To a ba direba ya kawo mini ita Kano mana."

Ya ce ba za ta hau hanyar nan ba, in zo da kaina. Sai ya yi ƙasa da murya ya ce, "Akwai wata baiwar Allah da ke zama mani a ƙofar shago. Na rasa abin da zan ce mata."

Na je wa Umma da zancen ina sa ran ta hana ni, in samu abin fakewa. Ina! Cewa ta yi, "Sale bai taɓa roƙon kowa ba. Tashi ka tafi, Allah ya tsare." Haka na haɗa sukudireba da ƙaramar kwamfutata da sababbin fayafan ajiya guda uku, irin waɗanda ake sa wa cikin kwamfuta su riƙe duk abin da aka zuba mata, na kama hanya raina ba ya so.

Daga Kano zuwa Katsina babu labari. A tashar motar Batsari abin ya fara bambanta da namu. Mu a Kano mota ta cika, ta tashi. Can kuwa mun cika maƙil, direba na zaune a benci yana cin gyaɗa. Na leƙa na ce, "Malam, kwana za mu yi a nan?" Duk motar aka juyo ana kallona. Wata mata da ke kusa da ni ta ce, "Baƙo ne kai, halan? Ai sai motar farko ta iso daga can, a ji yadda hanya ta kwana." Na koma mazaunina.

Ita ce kuma ta taɓa ni bayan mun yi nisa, ta ce, "In kana da wanda za ka kira, kira yanzu. Bayan waccan gadar babu." Nan take motar ta kaure da sallama, kowa waya a kunne, ana ta a gaida yara, a yi mana addu'a. Muna haye gadar layi ya ɗauke ɗif. Ni iyakar da na ƙetare ke nan a tafiyar nan, ba fasfo ba kwastan. Kuma ku da kuke sana'ar nan kun sani, rabin ilminmu a waya yake. Abu ya shige maka duhu, ka laluba, ka ga yadda wani ya yi. Daga gadar nan sai abin da ke kaina. Shingaye kuwa ba a magana, kowanne sai mun sauka mun taka da ƙafa, jaka a buɗe.

Batsari ta cika ta batse da mutanen ƙauyuka, har barandar makarantar firamare an kafa murhu. Amma gaisuwarsu tana nan yadda Umma ke ba mu labari. Mutum ya rasa gida ya rasa gona, sai ya tsaya ya tambaye ka gajiya, da mutan Kano, da iyali, da ƙarin haƙuri, kana ce masa yaya aka ji da wannan hali ya ce maka "lahiya lau." Da ma an ce kunya gare su. Kawu ya sa aka kawo mini dafaffen rogo da garin ƙuli, ya ce in ci tukuna, aiki ba ya gudu. Na ci, kuma ku 'yan Kano ku daina cewa kun san rogo.

A ƙofar shagon na ga matar. Dattijuwa ce siririya, zaune a kan buhu, sunanta Inna Delu, daga Yasore. Na durƙusa na gaishe ta. Da muka shiga ciki Kawu ya ba ni labarinta. Ɗanta Musa aka kashe a gona, aka ƙone gidansu da duk abin da ke ciki. Ya bar matarsa da ciki, ta haifi ɗiya mace, daga baya ta koma gidan iyayenta a Tsaskiya da yarinyar. Yanzu yarinya ta yi baki, kullum tambayarta wai yaya kamannin babanta. Babu hotonsa ko ɗaya a duniya sai wanda Kawu ya ɗauka ranar aurensa, kuma yana cikin kwamfutar da ta ƙi tashi. Duk ranar kasuwa Inna Delu sai ta zo ta zauna. Ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba, kuma shi abin da ya fi damunsa ke nan.

Na kwance murfin kwamfutar. Faifai ɗaya a ciki, kusa da shi gurbi fayau, waya na reto.

Na ce, "Kawu, ina ɗayan?"

Ya ce, "Yana Safana, wurin Kawunka Idi. Ai ita ce ajiyar da na gaya maka."

Ashe ranar da ya sayi kwamfutar, yaron shagon ya ce masa fayafai biyu ne a ciki, an haɗa su. Shi kuwa Kawu ya ɗauka duk abin da ke cikin wannan yana cikin wancan. Da aka fara raɗe-raɗin za a shigo gari, sai ya yi abin da kowa ke yi a can: ba a tara abu mai daraja wuri ɗaya. Ya kashe ta, ya cire ɗaya, ya aika Safana, don in an ƙone shago a samu na can.

Wallahi sai da na miƙe tsaye. Na ce, "Haba Kawu! Wa ya ce ka taɓa? Tun da kake ka taɓa jin an cire wa mota taya an kai ajiya, sannan a ce ta ƙi tafiya?" Ya kalle ni kawai ya ce, "Zauna, ɗan Kano. In ka gama faɗan ka yi mani bayani."

Ga bayanin, don waɗanda ba 'yan sana'a ba. In kwamfuta na da fayafai biyu, manhajar da ke tafiyar da ita tana iya haɗa su su yi aiki kamar guda. Lokacin da ake saka ta takan tambaya: in tsara su da kaina, ko za ka tsara da hannunka? Na farkon shi muke cewa otomatik, danna ɗaya ka gama. Yaron shagon shi ya danna. Ita kuwa manhajar da ya sa sai ta zaɓi haɗin da ke ba da wuri mai yawa da sauri, wato ta riƙa yanka kowane hoto tana raba shi tsakanin fayafan biyu. Akwai wani haɗin da muke kira madubi, wanda komai ake rubuta shi sau biyu, cikakke a nan cikakke a can. Shi Kawu ya zaci yana da shi, amma babu wanda ya tambaye shi, shi ma bai san ana tambaya ba.

Muna cikin haka Inna Delu ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, hoton na nan ko ba ya nan?"

Na ce, "Inna, rabinsa na nan, rabinsa na Safana."

"Wane rabin ke nan? Kan ko ƙafafun?"

Na ce, "Kin san zanen saƙi, yadda ake ɗinka shi layi-layi? To a ce an farke ɗinkin, an bar layi ɗaya a nan, na kusa da shi an kai Safana, haka har ƙarshe. Sai an haɗa su zai zama zane."

Ta ce, "To a je a ɗauko mana." Ta koma kan buhunta.

Abu ɗaya ya cece mu. Kafin Kawu ya kira ni, wani mai buga takardu a garin ya zo ya gwada, allo ya nuna masa cewa ya danna nan a tsara komai sabo. Ya kai hannu ke nan Kawu ya riƙe shi. Na ce me ya sa? Ya ce shi ba ya shan maganin wanda bai tambaye shi inda ke masa ciwo ba. Da an danna, da tafiyata ta tashi a banza, don goge faifan za ta yi tas.

A zauren Kawu na sauka, mu da wasu dangin matarsa da suka gudo. Abin da na lura, kowa takalminsa a gefen kansa yake ajiyewa, ba a bakin ƙofa ba. Ban tambaya ba, ni ma na jawo nawa.

Washegari muka hau a-kori-kura zuwa Safana, ni da Kawu, a kan buhunan dawa. Akwai gajeriyar hanya, amma ta bi gefen daji, direba ya ce ko kyauta aka ba shi mai ba zai bi ta ba. Muka yi dogon zagaye, taya ta yi faci, wata akuya ta cinye mini igiyar jaka. Ƙuguna har yau bai yafe mini ba.

Kawu Idi ɗan kasuwar gyaɗa ne, mai barkwanci, kishiyar ɗan'uwansa a komai. Yana ganina ya ce, "A'a, Kano ta aiko mana likita! Sale, wannan ne zai ɗinke abin da ka farke?" Aka kawo dambu, ya ba ni haƙuri wai babu nono, matan da ke kawowa sun daina shigowa gari. Ya faɗe shi da dariya, amma na ga abin ya taɓa shi, don ya ce wadda ke kawo musu tun yana saurayi ita ma an kore musu shanu, bai san inda suka nufa ba.

Na ce a nuna mini faifan. Sai ya kai ni bayan gida, ya kafa tsani a jikin rumbu. Na ce, "Inna lillahi, a rumbu?" Ya ce in hau in gani. Ciki ƙulle-ƙulle ne na iri, gero da dawa da gyaɗa, kowanne da irin tsumman da aka ɗaure shi. Ya riƙa nuna mini: wannan na surukinsa ne na Batsari, wannan na wani abokinsa ne, wancan na wata gwaggonsu. Na ce nasa fa? Ya ce nasa na gidaje biyu, ɗaya a Batsari ɗaya a Tsaskiya. "In an ƙone nan, in damina ta zo ina da abin shukawa. Masu shanu ma haka suke yi, ba su barin garke wuri guda." Faifan na tsakiyar irin gero, an naɗe shi da ɗankwali an sa a ƙaramar tukunya, a bushe ƙamas. A kan tsanin nan fushina da Kawu Sale ya sauka. Dabararsa daidai take, ita ta riƙe mutanen nan shekara da shekaru. Iri in ka raba shi biyu kowane rabi zai tsiro, shi ya ɗauka faifan ma haka yake.

A hanyar dawowa ne na kusa jawo mana. A wani shingen 'yan sa-kai, wani matashi da bindigar toka ya zaro tukunyar daga jakata, ya warware ɗankwalin. Ya ce, "Wannan ƙarfen fa?" Kafin in buɗe baki ya kai shi kunne ya girgiza, kamar mai gwada ƙwai. Na daka masa tsawa, "Kai! Ka san abin da ka riƙe?" Nan da nan sauran suka taso. Kawu ya dafa ni ya zaunar, ya cire hularsa ya yi musu sallama a natse. Matashin ya ƙura masa ido ya ce, "Baba mai hoto?" Kawu ya ce shi ne, kuma hotunan mutane ne a ciki. Yaron ya ce, "Har na sunan ɗan yayana? Kai ka ɗauka, a ƙauyenmu, kafin a tashe mu." Kawu ya ce in dai shi ya ɗauka yana ciki. Sai ya naɗe faifan da kansa, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce in yi haƙuri. Ni ma na ba shi haƙuri, don ni na fara.

Wutar lantarki babu ita, man janareta kuwa ya zama abin nema da fitila. Wani mai kemis maƙwabcin Kawu ya ja mana waya daga solarsa, da sharaɗin sai rana ta ɗaga. Na mayar da faifan gurbinsa, na tayar da kwamfutar da kayan aikina. Allo ya kawo tayinsa: na ga fayafai biyu, in gyara su da kaina? Na ce a'a, na gode. Na bi da hannu, na fara hana ta rubuta komai a kansu, na duba wanne ne na farko wanne ne na biyu, don in ka juya su shirme za ka samu. Akwai umarni ɗaya da ya ɓace mini ɓat. Hannuna ya kai aljihu neman waya, na tuna gadar nan. Na zauna ina zufa ina jero shi a baki kamar mai tilawa, har ya dawo. Duk wannan lokacin faifan Safana na wani ɗan ƙara, ƙyas, ƙyas, wanda duk mai gyara ya san ba alheri ba ne. Ko girgizar ce, ko da ma ya gaji, Allah masani.

Sai ga sunayen ƙauyuka sun jeru a allo. Na ce, "Kawu, kafin komai, ina Yasore?" Ya nuna da yatsa. Na kwafe ta gefe tukuna, sannan muka buɗe. Ya ce a kira Inna.

Saurayi ne dogo cikin farar shadda, hula ta ɗan karkace, yana ƙoƙarin kada ya yi dariya. Inna Delu ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Hular aro ce, ta yi mashi yawa. Na ce ya gyara ta bai ji ba." Ni ne na fita waje na share idona, ba na ɓoye muku.

Sauran aikin ya ci kwanaki, don rana na yin sanyi sola ke ɗaukewa, ga tsohon faifan sai lallashi. 'Yan hotuna kaɗan sun lalace, amma yawanci sun fito, har na sunan ɗan yayan mai bindigar toka. Da aka zo tsara sababbin fayafan, na zaunar da Kawu na yi masa tambayoyin da ya kamata a yi masa tun farko. Sauri kake so ko tsaro? Ka yarda wurin ajiyarka ya ragu da rabi? In an ce a gudu, me za ka iya ɗauka a aljihu? Ya ce, "Rumbu biyu ƙanana sun fi babba guda." Na haɗa masa biyu madubi, da hannu, na nuna masa yadda zai gane in ɗaya ya mutu. Na ukun na cika shi da komai, cikakke, aka naɗe shi a ɗankwalin nan zai koma cikin geron Kawu Idi, duk kaka a kawo shi a ƙara masa sababbi.

Kada ku ce na dawo ina zagin otomatik. Jiya ma na danna shi sau ba adadi, kuma ga yaran da ke haɗa bidiyon biki suna son sauri, daidai ne da su. Abin da na gane kawai, shi otomatik amsa ce da wani ya riga ya bayar a wani gari, inda wuta ba ta ɗaukewa, kuma ba a kwana da takalmi a gefen kai. Bai san Batsari ba, ba kuma zai tambaya ba. Yin abu da hannu wahala ce, amma dole ta sa ka kalli mai kayan ka ce, me kake tsoro ya same ka? Yanzu duk wanda ya kawo mini fayafai biyu sai na yi masa wannan tambayar, wasu har haushi suke ji.

Ranar da zan taho Kawu ya samo takardar wanke hoto. Inna Delu ta zo tun da hantsi, ba ranar kasuwa ba. Ya wanke ɗaya ya miƙa mata, ta karɓa ta juyo wurina.

"Ɗan nan, ka ce wancan karon raba shi aka yi, rabi nan rabi can?"

Na ce, "Haka ne, Inna."

Ta ce wa Kawu, "To wanke mani biyu. Ɗaya nawa, ɗaya na Tsaskiya. Amma kowanne da fuskarshi duka, kada a sake raba mani shi."

Kawu ya wanke na biyun. Ta jera su a cinyarta ta duba wannan ta duba wancan, sai da ta tabbatar babu abin da ya ragu a ko ɗaya. Nata ta sa a cikin zane. Ɗayan ta riƙe har muka isa tasha tare, inda direban da zai kai faifan Safana ke lodi, shi zai miƙa hoton gaba zuwa Tsaskiya. Ta ba shi, ta riƙe hannun rigarsa.

Ta ce, "In ka kai, ka ce a gaya wa yarinyar ta duba kunnuwan. Irin nata ne."